Takardar Kuɗin Kaka Saley

Madam Sofia ta farke ɗinkin layar da ɗan almakashi, Moutari kuwa ya kau da kai kamar fatarsa ake yanka. Da jirgin ƙasan safe ya baro Paris ya zo Lyon, don an ce ba wanda ya kai tsohuwar nan tara kuɗin Jamus na lokacin yaƙin duniya na biyu. Kowane kwabo a ɗakinta da gidansa na leda, sun ma fi shi samun wurin kwana a unguwarsa ta Belleville a Paris.

Kakansa Saley sojan Faransa ne. Jamusawa suka kama shi, ya rasu a hannunsu. Abokinsa ya dawo Damagaram da takardar kuɗi guda, ya ce sunan inda aka binne shi na jikinta. Aka ɗinke ta a fata, ta yi kusan shekara tamanin a wuyan Hajiya Sahadatou, mahaifiyar Moutari, wadda ba ta taɓa ganin ubanta ba. Yanzu tana kwance, likita ya daina rubuta magani. Abu ɗaya take roƙo, ɗanta ya tsaya a kan kabarin ya yi addu'a.

"Kuɗin fursunonin yaƙi ne," in ji Madam Sofia. "Duk sansani iri ɗaya ne, hatimi kaɗai ke faɗin wuri." Ta kunna fitila, ta daɗe tana dubawa. "A nan yake da, mai shuɗin tawada. Wani ya wanke shi da ruwa."

Moutari ya kira gida, ya taƙaita gaisuwa.

"Inna, da akwai wani shuɗin rubutu a takardar?"

"Akwai mana," ta ce, da kyar ake jin ta. "Ina 'yar shekara shida ƙyanda ta kusa tafiya da ni. Kakarka ta wanke shi a ƙoƙo ta ba ni na sha. Ta ce abin da ya fito hannun ubana ya fi rubutun malam. Ga shi kuwa na tashi." Ta yi dariya, tari ya tare ta. "Ai sauran rubutun na nan da yawa. Baturiyar ta karanta? Faɗa mini sunan garin."

Ya dubi farin tabon, bai fi kan ɗan yatsa ba.

"Tana kan dubawa, Inna."

Madam Sofia ta riga ta kashe fitilar, tana tura masa takardar da fatar layar.