Ranar da Duna Ya Hau Mota

Shekarar da manyan Ƙanƙara suka ɗaura ɗamarar raba garin da hayaƙi, kowa ya samu abin da ya samu, Malam Gide kuwa ya samu zaman gida. An ce hayaƙin itace da na janareta ne ke ƙara wa duniya zafi, shi ya sa damina ta koma zuwa sai ta ga dama. Aka kafa farantan hasken rana a kan asibiti da rijiyoyin burtsatse, aka bi gida-gida ana raba wa mata tukunyar gas, sannan aka hana saran itace a daji. Malam Gide bai yi musu ba. Mutumin da ya ga yadda tari ya cinye ƙirjin matarsa Bilki a bakin murhu har ta koma ga Allah, ba shi da bakin kare hayaƙi. Damuwar dai ita ce, sayar da itace ne sana'arsa tun yana da baƙin gashi, kuma ba shi kaɗai yake yin ta ba. Akwai Duna.

Duna jaki ne baƙi, ko kuma a ce a da baƙi ne, don yanzu furfura ta ci bakinsa da kewayen idonsa kamar mai shi. Tare suka tsufa a kan hanyar Mabai zuwa Ƙanƙara, ɗaya na ɗauke da itacen marke da kalgo, ɗaya na biye yana ba shi labarin duniya. Mutanen Mabai har tsokana suke yi, wai Malam Gide ya fi hira da jakinsa a kan 'yan majalisar ƙofar masallaci. Gaskiya suka faɗa, kuma jakin ya fi su iya sauraro.

Da aikin ya tsaya, Duna ya zauna a turke yana ci. Lawwali, babban ɗan Malam Gide, wanda yanzu shi ke riƙe da gidan, ya daure har ya gaji. Wata safiya ya durƙusa gaban mahaifinsa, kansa a ƙasa.

"Baba, harawar ga ko awaki ba ta kai su ga damina. Ga yara. Ka yi haƙuri, a kai shi kasuwa."

Malam Gide ya san yaron bai yi ƙarya ba. Ya kuma san abin da Lawwali bai faɗa ba: babu manomin da ke sayen tsohon jaki. Masu sayensa su ne masu babbar mota, waɗanda ke loda su zuwa kudu inda ake yanka su don fata da nama.

"Ba ni ba masu mota shi," in ji shi. "In ta kama kyauta ce, na ba da shi kyauta. Hajiya Barakatu na da gona bayan gari, ko taki ya kai mata."

Ranar kasuwa ya wanke Duna, abin da bai taɓa yi ba ko da sallah, suka kama hanya. Jakin ya riƙa waiwaye, don bai saba shiga gari bayansa fayau ba. Suna shiga unguwar farko ya karkata da kansa ya je ya tsaya cak a ƙofar Mairo mai waina, inda suke fara sauke kaya a da. Malam Gide ya ja igiya, ya lallaba, ina! Duna bai san an daina ba.

Mairo ta leƙo. A zaure tandarta na kan wata shuɗiyar wuta mai ci shiru. Idanunta da ya sani jajur kullum suna zubar da ruwa sun washe tas, har ta yi ƙuruciya.

"Lale, Baba! Ina kwana? Kwana da yawa." Ta dubi bayan jakin, ta ga babu komai, sai kunya ta kama ta kamar ita ta yi laifin. "Wallahi Baba, ba wai mun guje ka ba ne..."

"Mi na ce maki, ɗiyata? Allah shi ƙara lafiya. Jakin ga ne bai jin magana."

Sai da ya daddaɓa bayan jakin kamar yadda yake yi in an gama sauke itace, sannan Duna ya yarda ya ɗaga ƙafa. Haka aka yi a ƙofar mai shayi, haka aka yi a gidan burodi. Tafiyar da ba ta kai komai ba ta cinye musu hantsi, ko'ina sai an fito an gaishe shi ana kawar da kai.

Hajiya Barakatu ta sa aka shigo da shi har tsakar gida, don ta ɗauke shi tamkar ɗan'uwa. Ta sa aka kai wa Duna dusa a kwano. Da suka gama gaisawa Malam Gide ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi jikoki, ya tambayi gona, daga ƙarshe dai ya fito da abin da ya kawo shi.

"Hajiya, alfarma na zo nema. Ki riƙe mani shi. Ba ni son ko sisi. Bai harbi, bai cizo, kuma har yanzu shina iya ɗaukar taki."

Tun kafin Hajiya ta buɗe baki ya gane amsar.

"Malam, da bara ne ka zo. Gonar nan ita aka karɓa aka shimfiɗa farantan wutar gari. Abin da ya rage mani 'yar ƙarama ce, Nasir ɗana shi ke kai takin da kekensa mai caji. Ka duba gidan ga, ko turken akuya babu. In na karɓe shi na cuce shi, na cuce ka."

Ta yi hawaye, ta roƙe shi gafara. Shi ne ma ya koma ba ta haƙuri. Ya jira Duna ya lashe kwanon tas, don bai ga dalilin hanzari ba.

A kasuwar dabbobi ya nemi inuwa nesa da inda babbar motar take, ya tsaya. Manoma suka zo, su buɗe bakin Duna su dubi haƙora, su saki su wuce. Ya ce wa wani ya ɗauka kyauta. Mutumin ya yi dariya ya ce shi da ke neman abin da zai ba 'ya'yansa, ina shi ina ƙarin baki. Ya yi wa na biyu tayi, ya yi wa na uku. Har la'asar ta yi sanyi, kasuwa ta fara watsewa. Ya tuna rumbun harawar da ya kusa ƙarewa, ya tuna jikokinsa da 'yan awakin da ake tatsar musu nono. Sa'ad da Rabo, dillalin masu mota, wanda tun ɗazu yake zuwa yana tayawa, ya sake kama hannunsa don ƙulla ciniki, bai janye ba. Kuɗin da aka danƙa masa ya cusa a aljihu ko dubawa bai yi ba.

Ya so ya juya ya tafi nan take, sai ƙarar duka ta tsayar da shi. An jingina katako a bayan motar, sauran jakuna duk sun hau, Duna kuwa ya kafe ƙafafunsa a ƙasa. Ƙarti biyu na ja ta gaba, ɗaya na zabga masa gora ta baya. Jakin da bai taɓa sanin sanda ba ya durƙushe a kan gwiwa, ya tashi, aka sake zabga masa.

"Ku bari!" Malam Gide ya daka musu tsawa. "Don Allah ku bari. Ba haka ake mashi ba."

Suka ja da baya. Ya zo ya shafa wuyan Duna, ya goge masa ƙasar gwiwa da bakin rigarsa. Bai taɓa igiyar ba. Ya taka katakon a hankali, ya hau, ba tare da ya waiwaya ba, ya ce, "Taho mu tahi."

Ya ji ƙarar kofato a bayansa, ɗaya bayan ɗaya. Duna ya biyo shi har cikin motar, ya tsaya a gefensa, ya ɗora masa baki a kafaɗa yana jiran a ce ga inda za a nufa.

Malam Gide ya zame ta gefe. Aka kama shi aka sauko da shi, aka ja ƙofar ƙarfe aka rufe.

Rabo ya girgiza kai cike da mamaki. Da zuciya ɗaya ya yi maganar, yabo yake nufi.

"Kai, Baba! Wallahi jakin ga ya yarda da kai."

Malam Gide ya zauna a ƙasa nan inda yake, ya rufe fuskarsa da hannuwa biyu, tsofai-tsofai da shi yana kuka a tsakiyar kasuwa.