Robar da Ta Maƙale a Bakin Inji

Shekara arba'in da ɗaya ina kwanciya a ƙarƙashin motocin mutane, kuma duk wanda ya koyi aiki a hannuna ya san dokata a kan filtar mai. In ka kwance tsohuwa, ka juyo ta ka kalli fuskarta, ka tabbata zoben robarta ya biyo ta. Ka shafa mazauninta da yatsa. Ka lakaci mai ka shafa wa robar sabuwa, sannan ka ɗaura da hannu, ba da sifana ba. Na ja kunnen mutane da yawa a kan wannan, wasunsu yau da furfura a gemunsu.

To, yau da gobe ba ta bar komai ba. Tun bara idona na dama ya fara yana, na hagu ma yana bin sawunsa, kan yatsuna kuma suka zama kamar na sa safa. Ban gaya wa kowa ba. Wata biyu da suka wuce na bar notin taya a sake a motar wani malamin makaranta, Allah ya tsare bai yi nisa ba ya ji ƙara ya dawo. Dogo, babban ɗana wanda yanzu shi ke riƙe da garejin, ya durƙusa a gabana ya ce in huta haka nan, in zauna a benci ina ba da umarni. Wanzami ba ya son jarfa. Na hau shi da faɗa, kuma a gaban mai faci, maƙwabcinmu kuma tsarana, na rantse cewa ran da aka sake samun kuskure a aikina, ni da kaina zan miƙa akwatin kayan aikina.

Ana nan sai mijin Auta ya kawo motarsa juye, wato canjin man inji. Auta ita ce ƙaramar 'yata. Mijinta direba ne, yana jigilar fasinja tsakanin gari da kasuwannin ƙauye, da motar nan yake ci da iyalinsa. Mutum ne mai kunya, shekara shida bai taɓa ɗaga ido ya kalle ni ba.

Dogo ya ce, "Baba, bari in yi, ai ba wani aiki ba ne."

"Motar surukina ce. Je ka ƙarasa birkin da ka bari."

Mai faci ya ɗago daga rumfarsa. "Ka bar masu ido su yi, tsoho! Jiya fa tulin tayoyina ka yi wa sallama, har ka tsaya jiran su amsa."

"Na ga sun fi ka hankali ne," na ce, na shige ramin da ke ƙarƙashin motar.

Na kwance noti, baƙin mai ya tsiyaye. Filtar ta ƙi kwantuwa, don wanda ya ɗaura ta a baya da sifana ya tamke ta, sai da na huda ta da sukudireba na murɗa. Na juyo ta na kalla kamar yadda na saba, na ga baƙin zagaye, na ce roba ce. Na shafa mazaunin da yatsa, na ji sumul. Na ɗaura sabuwa, na zuba mai, aka tayar da inji, ko ɗigo babu. Mijin Auta ya yi godiya kansa a ƙasa ya tafi.

Rana ta shida da hantsi na biya gidansu, don Auta ta kwana biyu ba ta leƙo mu ba. Motar ba ta nan, ya fita aiki. Amma a inda yake ajiye ta na ji yashi a ƙarƙashin takalmina, sabon yashi, an baza shi a kan siminti. Ruwa ba ya tsami banza. Na sa ƙafa na share, na duƙa, na shafa, na kai hanci. Idona na iya yi mini ƙarya, amma warin man inji ko a kabari na san shi.

Auta ta fito da tabarma, ta gan ni a duƙe, ta tsaya cak.

"Baba, sannu da zuwa. Ku shigo daga ciki mana."

"Wannan mene ne?"

"Yashi ne, Baba."

"Na ce miki gari ne? Tun yaushe take yoyo?"

Ta kama murza gefen tabarma. Na daka mata tsawa. Sai ta buɗe ƙofar ɗan ɗakin ajiya ta nuna mini galan uku, duk babu komai a ciki.

"Tun washegarin juyen. Da farko ɗigo ne, yanzu kullum da safe sai ya ƙara mai, in ya kai kasuwa ya sake ƙarawa. Ya ce in na gaya muku bai yafe ba."

"Me ya hana shi kawo ta gareji?"

"Ya ce in Yaya Dogo ya gani, shi ke nan, kun rantse. In kuma ya kai wani gareji, kafin la'asar gari ya ɗauka. Ya ce gara ya yi ta ƙara mai har lokacin wani juyen ya yi."

Yoyon filta ba ya jira. Yana ɗigo yau, gobe ya fashe gaba ɗaya a kan hanya, kafin direba ya taka birki inji ya buga. Wato bawan Allah nan ya jefa hanyar abincin 'ya'yansa cikin haɗari don kada tsohon surukinsa ya ji kunya.

"Kira mini shi."

Ta kira ta miƙo mini wayar. Ya fara jero gaisuwa, ina gajiya, ina aiki, na katse shi.

"Kana ina?"

"Mun wuce gada kaɗan, Baba."

"Jar fitilar mai ta kama?"

"Tana ɗan ƙiftawa, in na shiga kwana."

"Gangara gefe ka kashe ta. Yanzu, ina jin ka! Kada ka sake murɗa makullin nan sai na zo."

Ban koma gareji ba. Na tsaya shagon kayan mota na karɓi filta da galan ɗin mai, na hau bayan mai babur. Zan faɗi gaskiya, a hanya dabara nake ƙullawa: in gyara a can, mu dawo, babu wanda ya ji, babu wanda ya gani. Laifi tudu ne, kowa nasa yake takawa ya hango na wani. Har na fara gaya wa kaina ƙila filtar ce ta jabu.

Na same su a gindin wata bishiya, fasinja shida a tsaye da kayansu. Wata mata mai kwandon kaji tana ta masifa.

"Wannan ne makaniken? Direba, ashe kakanka ka kira mana! Kasuwa za ta tashi muna nan."

"Ki yi haƙuri, Inna," in ji shi, "babu kamarsa a garin nan."

Maganar ta soke ni fiye da zagin matar. Muka ɗaga mota da jak, muka tokare da duwatsu, na shimfiɗa buhu na shige. Ƙasan injin ya jiƙe sharkaf. Na naɗe filtar da tsumma saboda zafi, na murɗa, ta fito. Na shafa robarta, lafiya lau, ba ta yage ba. Na kai yatsa mazaunin, na zagaya sau biyu. Sumul. Na ƙura ido har hawaye ya zo, baƙi kawai nake gani.

"Babu komai a nan," na ce. "Filtar ce ba ta da kyau."

Mijin Auta ya kwanta a gefena yana haska mini da waya. Na ji numfashinsa ya canja. Ni kuma har na ɗauko sabuwar filta ina shafa mata mai.

"Baba," ya ce da ƙaramar murya, "ku gafarce ni. Kamar akwai wani abu da ya rage a wurin."

"Ina?"

Ya kama yatsana, abin da bai taɓa yi ba, ya ɗora shi a gefen mazaunin. Na sa farce na ɓanɓara. Sai ga ta ta faɗo mini a ƙirji: tsohuwar roba, ta maƙale a bakin inji tun ranar juye, ni kuma na ɗaura sabuwa a kanta. Roba biyu a haɗe, mai yana bi ta tsakaninsu.

Na kwanta ina riƙe da ita. Kuskuren ranar farko zan iya cewa tsautsayi ne. Amma yau na zo ina neman ta, na san inda take ɓuya, na shafa ta sau biyu, kuma da bai yi magana ba da na sake ɗaura ta uku a kanta.

Na miƙa masa filtar. "Kai za ka ɗaura. Goge wurin tukuna. Ya yi fes? Murɗa da hannu har ta taɓa. To, ƙara kaɗan, kada ka kai zagaye ɗaya. Ya isa."

Muka zuba mai, ya tayar. Na kafa kunne a jikin injin. Ya yi 'yar ƙara kamar ana ƙwanƙwasa cokali, sannan ta lafa. Mijin Auta ya leƙa ƙasa ya ce babu ɗigo. Mai kaji ta ce to Allah ya yi wa kaka albarka, a tafi.

Kafin ya shiga mota ya matso kusa da ni. "Baba, wallahi daga ni sai ku. Auta ma zan ce mata noti ne ya kwance."

"Ka kai mutane kasuwa," na ce. "Kuma ka ji da kyau: in ka sake ɓoye ciwon mota don kunyar wani, ko ubanka ne, ba ni ba kai. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Da azahar na isa gareji. Dogo yana wanke hannu da fetur a bakin rami. Na ajiye robar a kan bonet ɗin da ke gabansa, na gaya masa daga motar wa ta fito, da yadda aka yi ta fito. Ya kalle ta, ya kalli rumfar mai faci, ya yi wuf ya rufe ta da tafin hannu.

"Baba, wa ya sani?"

"Ni na sani."

Na jawo akwatina daga ƙarƙashin teburi na tura masa da ƙafa. Bai taɓa shi ba. Mai faci yana kallonmu, ya buɗe baki zai yi magana, sai ya mai da kai kan tayar da yake like wa.

Daidai nan wani tsohon kwastomana ya shigo da farar motarsa, ya leƙo ta taga yana fara'a.

"Baba, juye na zo. Kuma ka san ni, ba na yarda kowa ya taɓa ta sai kai."

"Dogo zai yi maka."

"A'a, in ba ka jin daɗi ne yau, sai in dawo gobe."

"Goben ma shi ne," na ce. "Shigo da ita kan rami."