Kujera Mai Kallon Gaba

Alhaji Tsoho, ɗan kasuwa daga Gaya, shi ya kafa ƙungiyar, shi da Moro, direban tasi daga zangon Kumasi. Sun ji hukuma na ba masu wasan ruwa rumfa kyauta a bakin kogin Harlem, ƙasan unguwar University Heights. Sai suka sayi wani tsohon kwale-kwalen tsere, dogo siriri, suka rataye shi a bango, suka karɓi makulli.

Daga nan tarihin ƙungiyar ya koma tarihin shan shayi. Tabarma ta fara zuwa, sai buta, sai buhunan gwanjon da Alhaji ke aikawa Yamai. An yi zaɓe, an yi rigima, an naɗa Sarkin Ruwa har da mataimaka. Kwale-kwalen kuwa a kansa ake shanya safa bayan alwala. Ina zuwa duk Lahadi, in zauna in ji yadda kakan Alhaji ya ƙetare kogin Kwara dorina na bin sa. Kowace shekara dorinar ƙara girma take.

Mutum ɗaya ce ta iya tuƙa kwale-kwale, Firdausi 'yar Moro, ma'aikaciyar jinya. A kwaleji ta koya. Rumfar take so don ta koya wa 'yan matan unguwa, domin inda ake koyarwa ya fi ƙarfin iyayensu. Da hukuma ta gaji ta ce za ta turo jami'a ta ga kwale-kwalen a kan ruwa ko a maido makulli, Firdausi ce ta kankare shi, ta toshe tsagarsa, ta samo ƙawayenta.

Ranar zuwan jami'ar, da safe, suka sa shi a ruwa. Alhaji ya iso da babbar riga mai sitaci.

"Ke Firdausi, me ya sa kuka ba kogi baya?"

"Haka ake yi, Baba Alhaji. Masu tuƙi baya suke kallo. Akua ce kaɗai ke kallon gaba, ita ke riƙe da igiyar juyawa, tana ba mu umarni."

Akua, wata 'yar mitsitsiyar mata, tana zaune can ƙarshen jirgin.

"Wannan ce za ta ba da umarni ina tsaye? Bon, shi ke nan. Ta fito."

"Kujerar ta marar nauyi ce, Baba."

"Ni kike kira mai nauyi? Moro, ji 'yarka!"

Moro ya dubi takalminsa. "Firdausi, ki bar shi mana. Babba ne."

"Abin da nake faɗa ke nan, Baba. Babba ne."

Jami'ar tana gefe tana duba agogo. Firdausi ta dubi ubanta, ta jira ya ƙara magana. Ya kau da kai. Akua ta fito.

Sai da mataimakan Sarkin Ruwa suka kama hannun Alhaji kafin ya cusa kansa. Kujerar ba ta ɗauke shi ba, sai ya ɗare gefen jirgin. Gaban kwale-kwalen ya ɗaga sama kamar mai neman taimako. Ba su kai tsakiya ba ya fara ihu.

"Dama! Na ce dama!"

Damarsa hagunsu ce, tunda fuskantar juna suke. Igiyar ma bai taɓa ta ba, hularsa yake riƙo. Rigar ta sha ruwa, ta ja shi, shi kuma ya ja kowa. Jikan mai tsere da dorina ya fito da rarrafe daga ruwan da bai wuce ƙugu ba, yana kiran sunan uwarsa.

Jami'ar ta tabbatar kowa ya fito, ta miƙa hannu. Moro ya zaro makullin ya ba ta.

"Makirci ne," in ji Alhaji, yana matse riga. "Za a kira taron gaggawa."

"A ina?" in ji Firdausi.

Ta tara ƙawayenta suka janyo kwale-kwalen, suka kifa shi ruwan ya zube. Moro ya matso zai kama musu.

"Bari, Baba. Kada ka jiƙe."

Suka ɗora shi a kafaɗa suka hau gangaren da shi, ba ta ma san inda za ta ajiye shi ba.