Tukunyar da Ba Ta Hau Jirgi Ba

"Barmo, ka ci amanata! Kai nake nufi, mai farar riga. Kada ka waiwaya, babu wani Barmo a bayanka."

Tabawa ce da wannan magana, da hantsi, a ƙofar mangaza, babban ɗakin ajiyar da ake rabon irin shuka na taimako a Tanut. Mutanen da suka jeru da buhunansu a ninke a hammata duk suka juyo. Tsohuwa ce doguwa, yunwar bara ta zuge ta har zane yana zagaye ta sau biyu, amma murya tana nan yadda take. Tun jiya ta taso daga Falanko a bayan motar 'yan kasuwa, kuma ba shiga layi ya kawo ta ba.

Barmo, shugaban rabon, ya ajiye tiyar awo da ke hannunsa. Ya yi ƙiba tun rabonta da shi, har da tabarau. Sai da ya ƙura mata ido sannan ya gane ta.

"A'a, Inna Tabawa ce? Sannu da zuwa. Mu shiga daga ciki ki sha ruwa."

"Na sha a gida. A gaban mutane na ba ka ajiya, a gaban mutane zan tambaye ka."

Maganar ta shekara tara ce. Bayan yunwar farko, wadda ta kwashe shanun Damargu, wasu mutanen furoje, ma'aikatan wani shirin aikin gona, suka riƙa bin ƙauyuka suna neman irin geron gargajiya da ya saura. Barmo a lokacin ƙaramin malamin gona ne, shi ke yi musu jagora. A Falanko kowa ya nuna musu gidan Tabawa. Tana da tukwane biyu na gajeren gero, wanda ke nuna cikin kwana saba'in in ya samu ruwa uku masu kyau. Yadda uwarta ta koya mata take ajiye shi: a zaɓi zangarniya tun a gona, a sussuke, a cuɗe tsabar da toka mai sanyi, a zuba a tukunya, a liƙe bakin da laka da kashin shanu. Ƙwaro ba ya shiga. Kowace shekara ta shuka, ta mayar da sabo.

Suka ce mata a Yamai akwai ɗaki mai sanyi inda iri ke shekara ashirin bai mutu ba. Ta kawo tukunya ɗaya, za a kai ta da kanta a jirgin sama ta ga wurin, ta kuma tsaya a taron manoma. Tabawa ta sa aka kira maigari da liman, ta ce, "Ku ji da kunnenku. Ba kyauta na yi ba, ba kuwa sayarwa. Ajiya ce. Ranar da na nema, a ba ni." Barmo ya ce ya ji, ya ɗauka.

A filin jirgin Damagaram aka karɓi kayansu a gaban wani babban sikeli, Barmo ya ce ta je ta zauna, shi zai kula da komai. Ta zauna a benci tana kallon jirgin ta taga. Ba shi da girman da ta zata. Fari ne, fukafukinsa a bisa gadon baya kamar wanda aka aza wa azara, kowane gefe da farfela mai harshe huɗu. Da aka kira su, ta isa gindin matakala ta tuɓe takalmanta, don ba a shiga ɗakin mutane da takalmi, ta yi sallama a ƙofa. Wata 'yar boko mai ɗan kwali shuɗi ta amsa mata da fara'a, ta sauka ta kwaso mata takalman. Ita ce kuma ta ɗaure mata ɗamara a kujera, ta ba ta alewa biyu da auduga ta toshe kunne. Tabawa ta ƙulle alewar a gefen zane, audugar kuwa ta ƙi sawa. Ta ce abin da za ta ji sau ɗaya a duniya ba za ta ji shi a toshe ba.

Farfelar gefenta ta fara juyawa a hankali har tana iya ƙirga harsunan, sai wani irin fito ya taso siriri yana hawa yana hawa, harsunan suka ɓace, ta koma kamar faifai na ruwa. Warin kananzir ya shigo. Kujera ta ɗauki rawa har cikin haƙoranta. Wani ɗan kasuwa a bayanta yana ta salati da ƙarfi, ta juya ta ce, "Alhaji, ka rage mana, ina sauraro." Da suka rabu da ƙasa, ta ga ƙafar jirgin ta tagarta, taya tana juyawa a banza, sai ƙafar ta naɗe ta shige ciki kamar kaza za ta kwanta kan ƙwai. Nan Tabawa ta ƙyalƙyale da dariya ita kaɗai.

Ba sama sosai yake tafiya ba. Tana ganin rumbuna kamar ƙwaryar nono a kife, da hanyoyin shanu duk sun nufi rijiya guda, da inuwar jirgin tana tsallake gonakin mutane ba izini. Da rana ta yi zafi ya riƙa faɗawa rami yana tasowa, hanjinta na bin sa a baya. Suka sauka Maradi, aka sa wata mata da jariri, suka sake tashi. Can sai ga kogi shimfiɗe, ruwan da bai da mai ja da guga. Duk tsawon tafiyar tana taka ƙasan jirgin da tafin ƙafa a hankali, tana ce wa ranta geronta yana nan a ƙarƙashi, su biyu suke tafiya.

A Yamai ta tambayi tukunyarta. Barmo ya ce tun daga cikin jirgi aka wuce da ita. Ya kai ta wani dogon gini, ya nuna mata ƙofar ƙarfe fara, ya ce ba a buɗewa don kada zafi ya shiga. Ta ɗora tafin hannu, ta ji sanyi kamar randa da asuba. Ta yarda.

Shekara tara tana ba da wannan labari a bakin rijiya da wurin sussuka. Indo maƙwabciyarta takan tsokane ta, "Yaya Tabawa, a ba mu na ƙafar nan da ta naɗe, jiya ba a kai ƙarshe ba." Ita kuwa ba ta gajiya. In jirgin Agadas ya bi ta samansu, takan ajiye taɓarya ta saurara har ƙarar ta ɓace.

Sai bara ruwa ya ƙi. Aka yi shuka sau uku, sau uku tana ƙonewa. Aka ci dusa, aka ci 'ya'yan anza masu ɗaci, aka kai ga tonon gidan tururuwa. Ranar da ƙaramar jikarta ta kasa tashi zaune, Tabawa ta ɗauko muciya ta fasa bakin tukunyar da ta rage, ta sheƙe tokar, ta daka. Ba ta tsaya nan ba. Gidaje shida da suka karɓi irin a hannunta suna riƙe da nasu, yara na kuka a gindin tukwane, ba wanda ya yarda ya taɓa. Ita ta bi su gida gida. "Ku fasa ku ba yara. Iri yana Yamai, ni na kai shi da kaina, na taɓa ƙofar da hannuna." Indo ce ta ƙarshe, sai da Tabawa ta rantse mata sannan ta fasa.

Makon jiya ta je kasuwar Gangara neman wanda ya san inda aka mayar da Barmo, don hadari ya fara haɗuwa a gabas. Ta zauna hutawa a rumfar wani dattijo mai sayar da shayi da sukari, Jibo. Hira ta kai su ga jirgi, ashe shekara goma sha bakwai ya yi yana awon kaya a filin Damagaram.

"Masu farfelar nan ai su ne jirage," in ji Jibo. "Tun yana bayan dutse na san wanne ne, da kukansa."

"Ka faɗa wa wadda ta sani. Na hau, Malam. Ni da tukunyata, har Yamai."

Jibo ya tafa hannu yana dariya. "Ke ce mai tukunya? Allah mai iko! Ai ba na manta ta. Kilo talatin da takwas, liƙe da kashin shanu. Ɗan rakiyarki yana da kwali uku na cuku da kilishi da zai kai wa manyansa, na ce masa nauyi ya yi yawa, ya zaɓi abin da zai sauka. Ya ce a ajiye tukunyar, zai aiko mota. Ta yi wata biyu a bayan sikelina. Da ba wanda ya zo, masu shara suka fasa, suka ga gero duk toka, suka ce ya lalace. Tantabarun filin ne suka cinye."

Sai da ya gama ya dubi fuskarta, nan take ya daina dariyar.

Wannan duka Tabawa ta zayyana a ƙofar mangaza, ba ta rage ko kwali ɗaya ba. Layin ya watse ya zama da'ira.

"Inna, abin ya daɗe," in ji Barmo, yana goge tabarau da bakin riga. "Wa zai tuna kayan shekara tara?"

"Cuku ka manta, ko kilishin?"

Wani Bafillace a cikin taron ya yi dariya, aka harare shi.

"Jirgi yana da ƙa'ida, Inna. Kilo ashirin ne ga kowane mutum. Tun a Falanko na roƙe ki ki juye a buhu ki zubar da tokar, kika ƙi."

"Na ƙi, kuma ko yau zan ƙi. Iri ba toka abincin ƙwaro ne. Ban zo faɗa da jirgi ba, jirgi bai yi mini komai ba sai alheri. Ya ɗauke ni lafiya ya sauke ni lafiya, abin da aka ba shi ya ɗauka. Ka bar tukunya, na ji, yaro ne kai, kana tsoron manyanka. To da muka dawo ta filin nan bayan kwana biyar, tana bayan sikeli, taku goma tsakanina da ita, me ya liƙe maka baki? Da ka ce, Inna ga tukunyarki, da na aza ta a kaina na tafi gida. Ka kai ni gaban ƙofar mutane ka sa na shafa ta kamar mahaukaciya!"

Barmo ya ce a hankali, "Kunya na ji. Na zaci ba za a taɓa nema ba."

"An nema."

Ya juya ga masu awo da sauri. "Ku ware wa Inna buhu biyu cikakku, a kai mata mota."

Tabawa ta sa hannu a buhun da ke buɗe, ta ɗebo, ta watsa a tafinta, ta ciji ƙwaya ɗaya ta tofar.

"Geron kudu ne wannan. Wata huɗu yake so yana shan ruwa. A Falanko zai yi kara ya fi ka tsawo, ruwa ya ɗauke yana bunni, mu girbe wa awaki. Kai malamin gona ne, ka fi ni sani. Ku duka da ke nan kun sani, don dai babu wani ne kuka yi shiru."

Wani tsoho daga Ollelewa ya gyaɗa kai.

"Tiyar da ake ba kowa za ka ba ni, ita ma don jikokina. Buhu biyunka ka riƙe, ba toshe baki na zo karɓa ba. Kana da mota, kana da mai. Ka bi kasuwanni daga nan har Belbeji, ka shiga rugage, ka tambayi tsofaffin mata, ko Allah ya sa wata ta fi ni taurin kai ba ta fasa tata ba. Ko ƙwarya ɗaya ka samu ta gajeren gero, ni na san yadda zan mayar da shi rumbu cikin shekara uku. Amma kafin nan akwai gidaje shida da suka ci irinsu da rantsuwata. Shekaranjiya Indo ta wuce ni a rijiya ba ta gaishe ni ba, kuma tana da gaskiya. Ranar Juma'a, in an sauko daga masallaci, ka zo Falanko ƙofar maigari, liman yana zaune, matan nan suna tsaye. Ka faɗa musu da bakinka wanda ya yi ƙarya tsakanina da kai, ka kuma faɗa musu abin da za su shuka in ruwa ya sauka. Ba zan gusa daga ƙofar nan ba sai mutanen nan sun ji amsarka. Za ka zo, ko sai na tafi da su gaban kumandan, mai mulkin Tanut?"