Bayan Takardun Malam Ɗantsoho

"Juya ta, 'yata. Kin ɗauki rabin gida kin bar rabi."

Malam Ɗantsoho ne ya faɗi haka daga kan tabarmarsa, an tokare masa baya da matashi biyu. Siddiƙa, yarinyar da jami'a ta turo, ta tsaya da kyamara a hannu tana kallon Saminu, ɗan Malam. Ni kuwa ina bakin ƙofa da kwanon kunun da na kawo wa maƙwabcina, na ce yau akwai kallo.

Shekara arba'in da biyar Malam yana zana wa mutane gidaje, daga nan Daura har Zango da Mashi, kuma bai taɓa yar da takarda ko ɗaya ba. Adaka shida ya cika, har gara ta fara cin ta ƙasa. Da jiki ya ƙi, likita ya ce a koma gida a yi ta addu'a, sai Saminu ya nemo jami'ar da za ta adana su.

Siddiƙa ta juya takardar. Bayanta cike yake da ƙananan rubutun ajami.

"Hannun uwar gidan nan ne, Allah ya jiƙanta," in ji Malam. "Maigida ya zo ya ce a yi masa ƙaton zaure da ƙofar da za a gani daga titi. To shi yini nawa yake yi a ciki? Ni kuma ba na shiga wajen matan mutane. Sai ita ta ɗauki goro ta shiga, ta dawo mini da gaskiyar gida. Saboda haka a jikin akwatunanku sunanmu biyu za a rubuta."

"Baba, fom ɗinmu sunan mai takardar shaida kawai yake karɓa," in ji Siddiƙa.

"To ku bar wa gara."

Saminu ya dafe kai. "Haba Baba! Aikin rayuwarka fa."

"Aikin rayuwar wa?"

Na san taurin kan tsohon nan. Zai iya cikawa ya bar takardun su zama abincin gara, kuma kwanakin da suka rage masa ba su da yawa. Sai na aje kwano na ce, "Yarinya, ogan naki yana da kunne? Kira shi bayan la'asar."

Na bi unguwa gida-gida. Kafin la'asar tsakar gidan Malam ya cika da tsofaffin mata da jikokinsu. Ni ce mai karatu, don idona bai mutu ba tukuna. Siddiƙa ta kira ogan nata ta ɗaga waya sama. Na juya takarda ta farko na karanta.

"Hajiya Madina ta ce a nisanta mata madafa da tagar surukarta, kar a ƙirga mata nama."

Wurin ya kece da dariya. Hajiya Madina, wadda yanzu ita ce surukar mata uku, ta rufe fuska da mayafi tana cewa, "Wallahi sharri ne!" Malam ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, aka ba shi ruwa, ya ce a ci gaba. Wata ta roƙi dakali mai faɗi na tsefe da kitso. Wata ta ce kar a sare magaryar da ke filin, jikarta ta yi tsalle ta ce ai tana nan, jiya ma ta ci. Aka yi ta guɗa kamar gidan suna.

Sai na ɗago wata takarda na ga sunan marigayi maigidana. Na juya da ƙarfin hali, don na san ban roƙi komai ba lokacin da ake ginin. Amarya ce ni daga Mashi, ko ido ba na iya ɗagawa. Na fara karantawa da ƙarfi.

"Murjanatu ba ta ce komai ba, kuka kawai take yi. Ba ta san kowa a garin nan ba. A yi mata 'yar ƙofa a katanga zuwa gidanmu."

Shekara arba'in ina bin ƙofar nan da kwano, da goyo, da labari, ina yi wa mijina godiyar dabararsa, shi kuma Allah ya gafarta masa bai taɓa musawa ba. Na yi kuka na yi dariya a lokaci guda, ban ji kunyar kowa ba.

Can muryar ogan ta fito daga waya: "Siddiƙa, gyara fom ɗin. Kuma kowace takarda a ɗauki gaba da baya."

Ta ɗauko alƙalami. "Baba, yaya cikakken sunanta?"

Duk zamanmu ban taɓa jin ya kira sunan matarsa ba, sai dai uwar gidan nan. Ya yi murmushi kamar saurayi, sannan ya ce a hankali, "Ummukulsum." Ya ƙara da cewa, "Nata za ki fara sawa. Kullum ita take fara shiga."

Ranar Juma'a da hantsi motar jami'a ta zo kwasar akwatunan. Malam ya sa aka ɗaga shi ya shafa rubutun jikin kowanne. Ya sha kununa rabin kwano, ya ce gishirin tsegumina ya yi yawa. Kafin a kira salla ya cika, da kalmar shahada a bakinsa.

Bayan addu'ar uku Saminu ya zo yi mini sallama, zai rufe gida ya koma wajen aikinsa. Ya tsaya yana kallon 'yar ƙofar katanga da kwaɗo a hannu.

"Gwaggo, wannan fa?"

"Bar ta."

Har yau a buɗe take. Da la'asar kajina suna bi ta ciki, su je su kwanta a inuwar da tabarmarsa take.