Sarƙar da ke wuyan Malam Dikko

"Tijjani, rufe ƙohwar nan," in ji Malam Dikko, maƙwabcina.

Sati biyu ke nan yana kwance, duk Talata Mafara an san jikin ya ƙi. Na zaci wasiyya zai bari. Sai ya ɓalle maɓallin rigarsa, na ga sarƙar lu'ulu'u zagaye da wuyan dattijon da ke ja mana salla in liman ya yi tafiya.

"Malam, mine na wanga?"

"Ta marigayiya matata Lantana ta. Ta ce lu'ulu'u in an kulle shi cikin akwati dushewa yakai, jikin mutum yaka so. Shekara tara ina sanye da ita."

Na danne dariya har ƙirjina ya yi zafi.

"Ta ce tsakuwa ta ka shiga cikin katantanwar teku, ta yi ta haƙuri da ita har ta zan ado. Wai haka zamanta da ni yake." Ya yi tari. "Cire min, kar masu wanka su iske ta. Ka sa ta har ɗiyata Amatullah ta iso daga Janbako. Ban da turare, ban da sabulu. In ka yi zuhwa ka goge da tsumma mai taushi."

"Ni? Mahauci?"

"Wuya dai wuya na."

Washegari da hantsi ya cika. Na yi kuka, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Haka na bi gawa da rigar sanyi mai dogon wuya, ana tsakiyar zafin bazara. A zaman makoki wani ya zagayo da kwalbar turare, na kauce kamar an nufo ni da wuƙa. Aka fara cewa mutuwar Malam ta taɓa Tijjani. Matata Na'ima kuwa ta tsare ni, wai tun yaushe nake wanka da riga a jiki. Na bari ta zargi abin da ta ga dama, asirin Malam ya fi mini.

Sai rana ta uku Amatullah ta iso, motarsu ta lalace a hanya. Na kira ta zaure, na juya baya na ciro sarƙar, ina ta kame-kamen cewa a ƙarƙashin matashi na tsince ta.

"Baba Tijjani, ai ni ka sake mishi zaren duk shekara," ta ce. "Ga shatinta nan a wuyanka."

Muka yi dariya, har tata ta koma kuka. Ta zauna a dakalin da mahaifinta ke karatu, ta ja gefen mayafinta tana goge ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya.