Minti Biyu a Bakin Ƙofa

Tsohon Direba ya shiga ajin rubutu na ranar Asabar da buri ɗaya. 'Yan biyunsa mata za su tafi karatu nesa, kuma sun sha cewa Baba ba ya magana. Yana so ya ba su labarin ranar haihuwarsu a rubuce kafin su tafi.

Malama tana da tsarinta. Ɗalibi zai karanta a tsaye, ita ta rufe ido. Inda ya yi sauri sai ta ɗaga hannu, dole ya tsaya.

Direba ya gyara murya. Shafi uku cur yana kan hanya: taya ta fashe, jak ya ƙi tashi, ga cunkoso a kan gada. Mutumin ya san mota, wannan kam ba a ƙwace masa. Sai layin ƙarshe: "Na iso asibiti, an haihu, biyu ne, muka koma gida."

Hannun Malama ya tashi.

"Baba, taya ta ci shafi uku, 'ya'yanka layi ɗaya? Koma bakin ƙofar ɗakin haihuwa. Me ka gani?"

"Nas ce ta fito."

"Sai me?"

Ya so ya zille, amma Malama ba ta sauke hannu ba.

"Ta miƙo mini ɗaya. Na duba hannuna, duk baƙin mai. Na goge a wando. Na sake gogewa. Ta ce karɓi mana. Na ce zan ɓata ta. Sai ta ɗora mini ita a ƙirji, na riƙe da gwiwar hannu."

"Minti nawa ke nan?"

"Ba su fi biyu ba."

"To su za ka ba shafi uku. Hanya kuma, layi biyu sun ishe ta."

Ya yi gunaguni, don yana ji da labarin jak ɗin nan, amma ya yanke. Da ya gama, daɗi ya kama shi har ya rasa inda zai sa kansa.

Kwana biyu da tafiyarsu, ƙaramar ta kira shi daga ɗakin kwanan ɗalibai, takardun da ya ba su a hannunta.

"Baba, ban kai ƙarshe ba tukuna. Wai kuka ka yi a ranar?"

"Na yi," in ji shi. "Ki karanta a hankali, 'yata."